Cotman, malamin zanen da sunansa ke kan akwatin fenti: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu koyon zane da fentin ruwa sukan haɗu da sunan Cotman tun kafin su san cewa sunan mutum ne. Yana rubuce a murfin akwatin fenti, yana jikin buroshi. Ranar da aka gaya musu cewa wani malamin zane ne da ya rasu tun 1842, sai tambayoyi su taso, kuma kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Su ne aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai wanda ya riƙe buroshi yake yin su.

Wane ne Cotman?

John Sell Cotman Baturen Ingila ne, gwanin zane da fentin ruwa, kuma malamin zane. An haife shi ranar 16 ga Mayu 1782 a Norwich, babban birnin yankin Norfolk, kimanin kilomita 160 arewa maso gabas da Landan. Ya rasu a Landan ranar 24 ga Yuli 1842 yana da shekara 60. Mahaifinsa, Edmund Cotman, da gyaran gashi ya fara, daga baya ya buɗe shagon siliki da leshi. Abin da ɗan ya fi zanawa shi ne itatuwa da koguna da gadoji, da tsofaffin majami'u, da jiragen ruwa a bakin teku.

A yau in ana lissafin gwanayen fentin ruwa na Ingila, tare ake ambatonsa da J. M. W. Turner da Thomas Girtin. A zamaninsa kuwa zanensa bai yi kasuwa ba. Tuwon gidansa daga koyarwa ya fito, sama da shekara 35, daga ɗakunan 'ya'yan masu kuɗi har zuwa ajin yara maza a Landan.

Shi ya kafa kamfanin da ke yin fentin Cotman?

A'a. Kamfanin Winsor & Newton ne, wanda William Winsor, masanin haɗa sinadarai, da Henry Newton, mai zane, suka kafa a Landan a 1832, lokacin Cotman yana da shekara 50. Sunansa da aka sa wa fentin na girmamawa ne, kuma an sa shi ne da daɗewa bayan rasuwarsa. Rukunin 'yan koyo ne: ya fi na ƙwararru araha, domin wasu launuka masu tsada an maye gurbinsu da masu kama da su. A ganina babu sunan da ya fi nasa dacewa da kayan ɗalibai.

Shi kansa bai tashi da irin wannan sauƙin ba. A ƙuruciyarsa fentin ruwa dunƙule ne busasshe mai tauri kamar ƙaramin sabulu, irin wanda William Reeves ya fito da shi wajen 1781, sai an goga shi a faranti da ruwa kafin ya ba da launi. Bututun nan da ake matsawa kamar man goge baki sai a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro shi, shekara ɗaya kafin Cotman ya rasu.

Mene ne ainihin fentin ruwa, kuma me ya raba shi da fentin mai?

Garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron nan dai da muka sani, na jikin dakwara, wanda malamai ke sa wa tawada don ta kama takarda ta yi sheƙi. Ruwa shi ke ɗaukar launin ya baza shi, in ya bushe ƙaron ya riƙe garin a jikin takarda. A zamanin Cotman yawancin ƙaron da Turai ke amfani da shi ta kogin Senegal ake fitar da shi. A yau Sudan ce kan gaba, sai Chadi da Najeriya.

Bambancinsa da fentin mai a nan yake: fentin ruwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Hasken takarda yana ratsa launin ya dawo ido. Saboda haka farin da ke cikin zane farin takardar ne da aka bari ba a taɓa ba, kuma daga mai haske ake farawa a tafi zuwa mai duhu. Mai fentin mai in ya yi kuskure sai ya shafe ya sake. Mai fentin ruwa dole ya san inda zai tsaya tun bai tsoma buroshi ba. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fi gane abin da aka faɗa a amsar da ke magana kan kogin Greta.

A ina ya koyi zane?

Bai yi wata makarantar zane ta musamman ba. Mahaifinsa shago ya so ya gada. Ana ba da labarin cewa uban ya nemi shawarar wani sanannen mai zane, John Opie, sai ya ce masa gara yaron ya zama mai goge takalma da ya shiga wannan sana'a. Duk da haka a 1798, yana ɗan shekara 16, ya nufi Landan. Aikinsa na farko shi ne shafa launi da hannu a kan hotunan da aka buga, a shagon Rudolph Ackermann.

Makarantarsa ta gaskiya majalisu biyu ne. Na farko gidan wani likita mai son zane, Dakta Thomas Monro, wanda ke tara samari da yamma su kwaikwayi zanen manya da ya tara. Turner da Girtin sun zauna a wannan gida kafin shi. Na biyu ƙungiyar masu zane da Girtin ya kasance cikin waɗanda suka assasa: a haɗu da dare a gidan ɗaya daga cikinsu, a zaɓi baitin waƙa, kowa ya zana abin da baitin ya kawo masa a rai, mai masauki ya ba da takarda da abinci, zanen kuma ya zama nasa. Girtin ya rasu a 1802 yana da shekara 27, kuma Cotman ya zama jigo a ƙungiyar bayansa.

A 1800, yana da shekara 18, aka fara rataye zanensa a baje kolin Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Landan. A shekarar ya yi tafiyar zane zuwa Wales, ya sake komawa a 1802.

Me ya sa duk mai maganar Cotman sai ya ambaci 1805 da kogin Greta?

Domin a nan ya yi aikin da har yau ba a daina mamakinsa ba, yana da shekara 23 kacal. Daga 1803 zuwa 1805 kowane bazara yakan tafi arewacin Ingila ya sauka a gidan iyalin Cholmeley da ke Brandsby a Yorkshire, yana koya wa 'ya'yan gidan zane. Uwar gidan, Teresa Cholmeley, ta riƙe shi kamar ɗanta, tana yi masa faɗa, tana nema masa masu saye. Ta hanyarsu ya sami shiga Rokeby Park, gidan John Morritt, inda kogin Greta ke gangarowa cikin duwatsu da kurmi ya faɗa kogin Tees. Makonni ya yi a can a 1805. A wata wasiƙa da ya rubuta a shekarar ya ce babban abin da ya sa gaba shi ne ɗaukar launi kai tsaye daga abin da idonsa ke gani.

A duba zanen gadar Greta da ke British Museum. Ƙarami ne, kimanin santimita 23 a tsaye da 33 a kwance. Gada mai baka ɗaya, gini a gefe, itatuwa, manyan duwatsu zube cikin ruwa mara zurfi. Abin da ya sa ya fita daban shi ne yadda aka yi shi. Cotman bai bi ganye ɗaya bayan ɗaya ba. Ya dubi itace ya ga siffa guda mai launi guda, ya shimfiɗa wannan launin lafiyayye, gefensa a yanke tsaf, ya bar shi ya bushe, sannan ya ɗora wata siffar a kai ko a gefe. Launukan ba su da yawa: shuɗi mai ruwan toka, ruwan ƙasa, kore mara ƙarfi. Babu inda buroshi ya yi kai-kawo. Kowane dutse ɗan fili ne mai haske da aka kewaye da duhu, amma kana kallo za ka ji nauyinsa, ka ji sanyin ruwan. Akwai wani zanen na wannan lokaci da na fi so, na Duncombe Park, wanda ba komai a cikinsa sai wata ƙyauren katako da aka rataya a kan rafi don hana dabbobi wucewa, da ciyayi a gefe. Abin da kowa zai wuce bai waiwaya ba, shi ya zauna ya ba shi haƙƙinsa.

Masana na baya sun kwatanta waɗannan ayyuka da hotunan da ake bugawa da katako a Japan, saboda shimfiɗaɗɗen launi da tsabtar layi. Kamar ta gaskiya ce, sai dai hotunan Japan ba su bazu a Turai ba sai bayan 1850, Cotman na kabari. Da idonsa ya kai ga wannan.

In ya kai haka, me ya fitar da shi daga Landan?

Masu saye ba su so ba. Abin da kasuwa ke nema a lokacin shi ne zanen da aka cika da ƙananan bayanai, mai kama da fentin mai, wanda za a sa wa firam mai ruwan zinari. Na Cotman a idonsu kamar ba a gama ba. A 1804 aka kafa ƙungiyar masu fentin ruwa ta Landan, wadda baje kolinta ya zama babbar kasuwar wannan sana'a. A 1806 ya nemi shiga, ba a zaɓe shi ba. Ƙarshen shekarar ya tattara ya koma gida Norwich ya buɗe makarantar zane. Sai a 1825, bayan shekara 19, ƙungiyar ta karɓe shi.

A Norwich ya tarar da ƙungiyar masu zane da John Crome da Robert Ladbrooke suka kafa a 1803, irinta ta farko a wajen Landan. Ya shiga a 1807, ya shugabance ta a 1811. Shi da Crome su ne ginshiƙan abin da ake kira makarantar Norwich, wato rukunin masu zanen garin da salonsu. Amma Crome ya girme shi da shekara 14, kuma ya riga ya kama gidajen masu kuɗin garin a matsayin malamin 'ya'yansu. Gari ɗaya, malamai da yawa, ɗalibai kaɗan. A 1809 Cotman ya auri Ann Miles, 'yar wani manomi daga Felbrigg, 'ya'ya biyar suka girma a gidan, kuma daga nan lissafin kuɗi bai sake barinsa ya huta ba.

Yaya yake koyarwa?

Da kwaikwayo. Wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin: malam ya rubuta, almajiri ya bi hannunsa har nasa hannun ya faɗa. A 1809 Cotman ya fito da wata dabara da ta dace da ƙaramin gari. Ya tara zanensa guda 600, ya sa musu lamba, ya mai da su kamar ɗakin karatu na aro. Mutum ya biya gini ɗaya, wato sule 21, na wata uku, ya ɗauki zane ya kai gida ya kwaikwaya, ya dawo da shi tare da nasa, malam ya duba ya gyara masa, ya ba shi na gaba. Akwai masu sauƙi na fensir zalla, akwai masu launi ɗaya, akwai cikakku. Da tafiya ta yi tafiya adadin ya wuce 1,000.

Wannan tsari ya ba wanda ba shi da halin ɗaukar malami har gida damar koyo, musamman mata, waɗanda su ne mafi yawan masu koyon fentin ruwa a lokacin. Amma yana da tsada a wajen malamin, domin kowane zanen aro da hannu aka yi shi, kuma suna tsufa, suna yagewa, ana bukatar sababbi. Shi ya sa har yau in ka ga zanen Cotman da lamba a kusurwa, mai yiwuwa ya taɓa yawo a gidajen ɗalibai. Yadda wannan nauyi ya ƙaru a ƙarshen rayuwarsa yana cikin amsar da ke magana kan King's College.

Wane ne Dawson Turner, kuma alheri ya yi masa ko akasin haka?

Da farko a raba shi da Turner mai zane, ba su da dangantaka. Dawson Turner mai banki ne a Great Yarmouth, garin masunta a bakin teku, kimanin kilomita 30 gabas da Norwich. Masanin tsirrai ne, kuma mai son tarihin tsofaffin gine-gine. A 1812 ya jawo Cotman ya koma Yarmouth da iyalinsa don ya koyar da matarsa da 'ya'yansa mata, ya kuma riƙa zana masa tsofaffin majami'u da kaburburan Norfolk don littattafai. Ya zauna a can har 1823.

Aikin littattafan ba da buroshi ake yinsa ba. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa kaki, a zana da allura har ƙarfen ya bayyana, a tsoma cikin ruwan asid ya ci layukan, a wanke, a cusa tawada a ramukan, a danna takarda a kai da injin matsi. Aiki ne mai cin ido da lokaci, kuma Cotman ya yi ɗaruruwan irin waɗannan faranti. Bayan yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815 hanya ta buɗe, sai ya tsallaka Faransa sau uku, a 1817 da 1818 da 1820, ya zaga yankin Normandi. Dalilin zuwa can a fili yake: mutanen Normandi ne suka ci Ingila da yaƙi a 1066, su suka gina babbar majami'ar Norwich da babban gidan tsaron garin, wato Norwich Castle, har dutsen ma daga garin Caen suka ɗauko. Littafin Normandi ya fito a 1822, juzu'i biyu, da hotuna kusan 100, Dawson Turner ya rubuta bayanin.

Amsar tambayar ita ce duka biyun. Ya ba shi abin dogaro na shekara 11, ya tsaya masa a lokutan ƙunci, kuma wasiƙun da ke tsakaninsu su ne mafi yawan abin da aka sani game da zuciyar Cotman. Amma ubangidan daidaiton gini yake so, taga nawa, ginshiƙi nawa. Shekarun ƙarfin mutumin da ya zana Greta, daga 30 zuwa 41, mafi yawansu a kan jan ƙarfe suka tafi.

Salonsa ya canja daga baya?

Ya canja sosai. Bayan Normandi launukansa suka yi zafi: shuɗi mai ƙarfi a sama, rawaya da ruwan zinari a ƙasa. Wasu na ganin hasken Faransa ne ya buɗe masa ido, wasu na ganin yana neman jan hankalin masu saye ne a ɗakin baje koli, inda zane mai sanyin launi ke ɓacewa a tsakanin maƙwabtansa. Daga wajen 1830 kuma ya fara haɗa fentinsa da wani ƙulli mai kama da koko, na fulawa ko na shinkafa. Wannan yana sa launi ya yi kauri ya daɗe bai bushe ba, har a iya jan sa, a goge wani wuri da tsumma, a fito da haske daga cikin duhu. Ayyukan da ya yi haka suna da zurfi da taushi, kuma waɗanda ya yi da shuɗi da ruwan ƙasa kawai suna cikin mafi kyawun abin da ya bari. Ya yi fentin mai ma, ba laifi, sai dai shi ma bai sayu ba.

Gaskiya ne ya yi fama da ciwon damuwa?

Gaskiya ne, wasiƙunsa sun nuna. Yakan shiga lokacin zumuɗi, ya yi aiki ba dare ba rana, ya cika da buri, sannan ƙunci ya rufe shi har ya kasa komai. Wasiƙun da ya rubuta wajen 1826 zuwa 1829 suna da nauyin karantawa: mutum ne da ke ganin ya gaza, yana tsoron talauci zai cinye 'ya'yansa. Halin kashe kuɗinsa bai taimaka ba. Da ya dawo Norwich daga Yarmouth ya kama babban gida a St Martin at Palace Plain, ya cika shi da littattafai da hotuna da tsofaffin sulke, fiye da abin da samunsa zai ɗauka. A 1834 dole aka yi gwanjon yawancinsu.

Ciwon bai tsaya a kansa ba. Ƙaramin ɗansa Alfred ya sami taɓin hankali har aka kai shi asibiti, ɗansa John Joseph ma ya yi ta fama tsawon rayuwarsa. Ina ambaton wannan ne don masu koyo su san cewa natsuwar da ke cikin zanen nan ba daga rayuwa mai daɗi ta fito ba, kuma mutumin ya ci gaba da shiga aji yana cikin wannan hali.

Yaya aka yi ya zama malami a King's College?

A Janairun 1834 aka naɗa shi malamin zane a makarantar yara maza ta King's College da ke Strand a Landan, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba. Tsohuwar ɗalibarsa, Lady Palgrave, 'yar Dawson Turner, ta yi masa ƙoƙari, kuma Turner mai zane ya goyi bayansa. Karo na farko ke nan da ya sami matsayi tabbatacce, yana da shekara 51. Iyalin suka zauna a lamba 42, Hunter Street.

Ajin ya cika da yara, kowane yaro kuma yana bukatar abin kwaikwaya kowane mako. Sai gidan ya koma kamar masana'anta: uba na zanawa, babban ɗansa Miles Edmund na zanawa, 'yarsa Ann da Alfred na taimakawa. Miles Edmund ya zama mataimakinsa a makarantar, ya kuma gaje shi. John Joseph ya tsaya Norwich ya riƙe ɗaliban can. Cikin yaran da suka zauna a ajinsa akwai Dante Gabriel Rossetti, wanda ya shiga makarantar a 1837, ya kuma zama mashahurin mai zane da waƙa. Gaskiya dai salon Rossetti bai ɗauko na malaminsa ba ko kaɗan.

Ashe ke nan koyarwa ce ta cinye basirarsa?

Haka da yawa daga masu rubuta tarihinsa suka ɗauka, shi ma ya sha kukan cewa aji ya hana shi aikinsa. Asarar lokaci gaskiya ce, ba mai musu. Amma ban yarda a ɗora wa ɗalibai laifin ba. Yana koyar da 'ya'yan Cholmeley ne ya zana Greta. Yana tsakiyar hidimar zanen aro ne, wajen 1809 zuwa 1810, ya yi zanen ramin farar ƙasa da shanu a bakinsa wanda ke gidan tarihin Norwich, ɗaya daga cikin fitattun ayyukansa. Yana malamin King's College ne ya yi zanen 1841 da za a ambata a amsa ta gaba. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne ya yi aiki mai kyau ya rataye, a wuce ba a taya ba.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Salon nasa, na fayyace siffa da rage launi da sanin inda za a tsaya, salo ne da ake iya koyarwa, mataki bayan mataki. Malamin da ya san dalilin kowane layi da ya ja shi ke iya nuna wa yaro. 'Ya'yansa biyu sun zama masu zane na gaske, 'ya'yan Dawson Turner mata sun ƙware a aikin jan ƙarfe, kuma John Thirtle, wanda ya auri 'yar'uwar matarsa, hannunsa ya nuna tasirinsa. Shekara 35 na shiga aji aiki ne da ya cancanci a lissafa shi cikin abin da mutumin ya bari, a gefen zanen da ke gidajen tarihi.

Yaya ƙarshensa ya kasance, kuma yaushe aka gane darajarsa?

A kakar 1841 ya koma Norfolk ziyara, ya gaida mahaifinsa da ke Thorpe kusa da Norwich. An yi ruwa mai yawa a shekarar, filaye sun cika. Ya yi ta yawo cikin iska da ruwan sama yana zana itatuwa da ambaliya da baƙin alli da fari, da kuzarin da aka daɗe ba a gani a wurinsa ba. Da ya koma Landan ya fara wani zanen fentin mai na abin da ake hangowa daga gidan mahaifin nasa, bai gama ba. Ya rasu a Yulin 1842, aka binne shi a maƙabartar St John's Wood. A 1843 aka yi gwanjon kayansa a Christie's, aka sayar da zane tuli-tuli a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mutanen garinsu ne suka fara adana shi. James Reeve, mai kula da gidan tarihin Norwich, ya yi shekaru yana tara ayyukansa, kuma British Museum ta sayi tarin a 1902. Laurence Binyon ya yi rubutu a kansa da Crome a 1897, Sydney Kitson ya fitar da cikakken tarihin rayuwarsa a 1937. A lokacin idon masu zane ya canja: abin da aka kira rashin gamawa a 1806 shi ne 'yan ƙarni na 20 irin su Paul Nash da Eric Ravilious ke nema.

Duk zanen da aka rubuta wa Cotman nasa ne?

A'a. Miles Edmund, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1858, hannunsa ya yi kama da na uban ƙwarai, kuma wasu ayyukan tare suka yi. John Joseph, daga 1814 zuwa 1878, ya fi sauƙin ganewa saboda launinsa mai ƙarfi da sakin hannu. Zanen aji na King's College kuwa, kamar yadda aka faɗa a sama, na gida ne gaba ɗaya. Ga kuma kwaikwayon ɗalibai da ke yawo.

A ina ake ganin ayyukansa?

Tari mafi girma yana gidan tarihin Norwich Castle, wanda ya sami kyautar tarin Russell Colman a 1946. Sai British Museum da Victoria and Albert Museum a Landan, da gidan zane na Leeds, inda yawancin tarin Kitson ya tafi. Wanda ya je kada ya yi mamaki in bai ga zanen a bango ba. Haske yana cin fentin ruwa, musamman shuɗin baba, wanda in ya koɗe sai sararin sama ya koma ja-ja. Saboda haka a akwati ake ajiye su, a fito da su na ɗan lokaci a ɗaki mai ƙarancin haske, ko a nemi izinin gani a ɗakin nazari. Waɗannan gidaje sun sa hotunan da yawa a intanet kyauta, kuma ana iya faɗaɗa su har a ga layin fensir a ƙarƙashin launi.

Ni mai koyo, me zan ɗauka daga wurinsa, musamman a ƙasa mai zafi?

Ka yi abin da ɗalibansa suka yi: ka ɗauki zane ɗaya ka kwaikwaya. Ka fara da fensir, ka fitar da iyakar kowace siffa a hankali, har da wuraren da za ka bari fari. Ka tsaya a launi uku, shuɗi ɗaya, ruwan ƙasa ɗaya, rawaya ɗaya, ka haɗa sauran daga cikinsu. Ka jingina allon zanenka ya ɗan karkata, ka cika babban buroshi, ka fara daga sama kana jawo ruwan da ya taru a gefen ƙasa har ka kai iyaka, sannan ka tsotse ragowar da busasshen buroshi. Kada ka koma kan wurin da ka wuce. Ka jira ya bushe ƙarau kafin ka ɗora na biyu. Yawancin zanen da ke lalacewa a hannun 'yan koyo a wannan jiran suke lalacewa.

Cotman a ƙasa mai danshi ya yi aiki, inda launi ke daɗewa a jiƙe. Mai zane a Kano ko Damagaram da hunturu, ko cikin zafin Afrilu, matsalarsa ta juya: launi na bushewa tun buroshi bai kai tsakiyar takarda ba, sai ya bar layi. Maganinsa ka kwaɓa launi fiye da yadda kake zaton za ka bukata, a ƙaramin kofi, ka kashe fanka, ka zauna a inuwa, ka yi aiki da sassafe. In filin babba ne kamar sararin sama, ka fara shafa masa ruwa zalla, ka bari sheƙin ya ɗan ragu, sannan ka sa launi. Takarda mai nauyin giram 300 ta fi jure wannan, mai sirara kuwa sai ka manne gefunanta huɗu a kan katako kafin ka jiƙa ta.